Baba ya rasu yana da shekara 91, me zan faɗa ranar tunawa da shi?

TAMBAYA: Anti barka da aiki, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Dan Allah shawara nake nema. Babanmu ya rasu bara yana da shekara 91, shekararsu 62 da aure shi da Mama, mu bakwai ya bari ga jikoki har da tattaɓa kunne. Wata mai zuwa za a yi sujadar tunawa da shi a coci, yayyena sun ce ni zan yi magana a madadin 'ya'ya wai ni ce mai baki. Toh damuwata biyu ce. Har yanzu in na tuna shi kuka nake, mutane sai su ce haba, wanda ya kai 91 ai godiya ake ba kuka ba, har na fara tunanin ko bangaskiyata ce ta yi rauni. Sannan Baba mutumin Allah ne babu ja, ƙarfe 5 na asuba yake tashinmu addu'a tun muna ƙanana, bai daina zuwa coci ba sai da ƙafa ta ƙi, amma fa yana da zafi sosai, shi da babban yayanmu sun yi shekaru ba sa ga maciji, sai dab da rasuwarsa suka shirya. In na tsaya na ce ba shi da aibi zuciyata ba za ta yarda ba, in na faɗa kuma kar a ce na tona asirin mamaci. Ya zan yi? Daga ƙanwarki, autar gidan.

AMSA: Sannu ƙanwata, ya ƙarin haƙuri, Allah ya ta'azantar da ku, ki gaida min Mama.

Zancen kuka ba zan daɗe a kai ba. Musa shekara 120 ya yi a duniya, amma Isra'ilawa kwana 30 suka yi suna makokinsa. Yakubu ya kai 147, Masarawa ma da ba danginsa ba sun yi masa kuka kwana 70. Yesu kansa ya zubar da hawaye a kan Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Abinda Bulus ya gaya wa Tasalonikawa shi ne kada su yi baƙin ciki irin na marasa bege, bai ce kada su yi ba sam. Masu ce miki ya daɗe ai lissafi suke yi, Zabura 90 ta ce shekarun mutum 70 ne ko 80 in da ƙarfi, eh Baba ya samu ƙari, amma ke ba lissafi kika rasa ba, uba kika rasa, kuma wanda aka fi daɗewa da shi an fi jin gurbinsa.

Na biyun ne mai nauyi. Ni dai gaskiya na zauna a irin wannan taro ba sau ɗaya ba, a tashi a ce mutumin kirki ne, mai tsoron Allah ne, uba ne ga kowa, kowa ya gyaɗa kai, a fito babu wanda ya riƙe komai don maganar za ta hau kan kowane dattijo. Ki duba yadda Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin Yakubun nan dai. Bai ɓoye cewa ya yaudari mahaifinsa Ishaku ba, bai ɓoye fifita Yusufu da ya yi har gida ya kama da wuta ba, shi da bakinsa ya gaya wa Fir'auna yana ɗan shekara 130 cewa kwanakinsa kaɗan ne kuma masu wahala. Duk da haka a Ibraniyawa sura 11 yana cikin jerin masu bangaskiya, kuma kinga abinda aka zaɓa aka tuna shi da shi? Tsoho a bakin mutuwa yana sa wa 'ya'yan Yusufu albarka, yana sujada jingine da sandarsa. Hoto ɗaya tal.

Irin wannan hoton za ki nemo. Ɗauko Littafi Mai Tsarkin Baba ki buɗe, inda takarda ta yi laushi ta yi duhu don yawan taɓawa, inda ya ja layi da biro, sunayenku da ranakun haihuwa in ya rubuta a bangon ciki. Ki gaya musu yadda yake ƙwanƙwasa ƙofa da asuba, da yadda kuke gyangyaɗi a durƙushe yana jero sunanku ɗaya bayan ɗaya, za a yi dariya kuma jikokin da suka san shi a kujera kawai za su ga mutum. Zafin nasa kuma jimla ɗaya ta isa, ki ce Baba ba ya wasa da horo, wani lokaci har ya yi mana yawa, kuma mun ga yadda Allah ya tausasa shi da tsufa. Shikenan, wannan ba tonon asiri bane.

Amma labarin yayanku ba naki bane ke kaɗai. Ki kira shi tun yanzu ki tambaye shi, in ya yarda a ambaci sulhun toh wataƙila shi ne abu mafi daraja da za a ji ranar, in ya ce a'a ki bar shi kar ki ja.

Sai Mama. Shekara 62 fa, ta san shi tun kafin ya zama Baba, kuma sau tari a irin ranar nan a zaunar da ita a gaba a yi ta magana a kanta babu mai tambayarta. Ki je ki zauna da ita da yamma, ki kunna rikodin a waya in ta amince, ki tambaye ta ya suka haɗu, wace waƙar sujada yake rerawa in abu ya dame shi, wace shekara ce ta fi musu wuya. Kar ki katse ta ko ta maimaita.

Ki rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, kar ya wuce minti 5, ki sa ɗaya daga cikin yayyenki ya tsaya kusa da ke da kwafi a hannu ko da murya za ta ƙi fita.