Amsar tambayar yanke ɓangaren saifa

Assalamu alaikum. Maman yara, na saurari muryar da kika turo, wai likita ya ce ɓangaren saifa za a yanke wa ɗanki, ba duka ba, kina tambaya ko rabin aiki ne. Ni na san ba wannan ne ke cin ranki ba, tsoro kike kada a buɗe yaro sau biyu. To saurara.

Ciwon nasa ai ba a saifar yake ba, a jini yake, gado ne. Jajayen ƙwayoyin jininsa a dunƙule suke kamar ƙwallo, ba sa lanƙwasuwa. Saifa kuwa kamar rariya take, duk ƙwayar da ta kasa matsewa ta wuce sai ta fasa ta. Abin da ya kamata ya yi kwana 120 sai ya mutu da wuri. Shi ne idon nan da yake yin ɗorawa, shi ne ƙarin jinin da ba ya ƙarewa, ita kuma tana ta kumbura ƙarƙashin haƙarƙarin hagu.

Me ya hana a cire ta duka a huta? Ita ce ke kama ƙwayoyin cutar nan masu sulke, na nimoniya da na sanƙarau. Yaron da bai kai shekara 5 ko 6 ba, ka raba shi da ita, ka cire masa mai gadi. Shi ya sa ake kwashe kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, a bar guntu da jijiyar da ke kai masa jini. Fashewar jini ta ragu, gadi kuma bai tashi gaba ɗaya ba.

Kuma wallahi nan ne nake jin haushin mutane. Ina aikin dare wani lokaci aka kawo mana yarinya da aka cire wa saifa, zazzaɓi tun la'asar, uban ya ba ta farasitamol ya ce a bari gari ya waye. Da asuba leɓenta ya bushe, tafin hannunta sanyi ƙalau, ko kuka ba ta iya yi. Na tambayi fenisilin ɗin da aka ce ta riƙa sha kullum, wai ai ta warke, an daina. Ta warke! Wa ya ce maka? Har yau in na tuna... ta dai rayu, da kyar. Mara saifa zazzaɓinsa ba ya kwana a gida, balle na cizon sauro. Mai guntun ma haka za ki ɗauke shi.

Af, bari in gyara, kada masu sikila su ɗauka da su nake. Nasu daban ne, yawanci saifarsu da kanta take shanyewa tun suna ƙanana, sai in tana yawan tare jini ta kumbura farat ɗaya ake maganar tiyata.

Tambayarki kuma, eh, guntun yana iya sake girma, wasu yaran sai an koma an ƙarasa cirewa bayan shekaru, amma lokacin yaron ya yi ƙwari. Jininsa ma ba lallai ya hau kamar na wanda aka cire wa duka ba. Ki tambaye su allurar rigakafi, aƙalla mako 2 kafin tiyata ake yi. Kuma su duba matsarmama, masu irin ciwon nan suna tara tsakuwa, in akwai a haɗa aikin lokaci ɗaya. Yauwa, hoton cikin da aka yi masa, turo min ta gefe in gani.