Filin Tambayoyinku: In ajiye koyarwa in rungumi aikin koci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni matashi ne daga Daura, shekarata 31, malamin firamare ne. Da na buga ƙwallo sosai har ana cewa zan kai wani wuri, sai gwiwa ta ba ni matsala na haƙura. Tun lokacin nake horar da yaran unguwarmu kullum bayan la'asar, kuma Alhamdulillahi mun ɗauki kofuna a gasar da ake sawa lokacin Sallah da wadda 'yan siyasa ke sawa. To yanzu wani Alhaji mai hali ya ce zai yi ma tim ɗin rajista mu shiga lig na ƙasa wato NLO, amma sharaɗinshi in ajiye koyarwa in zama koci gaba ɗaya, zai riƙa ba ni wani abu duk wata. Mahaifina ya ce sam bai yarda ba. Ni kuma wallahi raina na kan ƙwallon nan, sai dai ko satifiket ɗin koci ba ni da shi. Don Allah mi ka gani? Akwai gaba a aikin nan ko ɓata lokaci ne? Daga ƙaninka a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara ma gwiwar sauƙi. Akwai gaba a aikin koci, wannan kam babu tantama, amma kar ka ajiye koyarwa yanzu. Maganar Baba tana kan hanya, kuma ba don ya raina ƙwallo ba ne, ya dai san yadda alƙawarin baki yake ƙarewa.

Bari in fara nuna maka inda Alhaji yake son kai ka. Ƙwallon ƙafa a Najeriya hawa-hawa ne. A sama akwai NPFL, Firimiyar Najeriya, mai ƙungiyoyi 20, inda Katsina United ta sake haurowa a 2016. Ƙarƙashinta akwai NNL da ake rabawa ɓangaren Arewa da na Kudu, sai NLO ta biyo baya a mataki na uku, a nan ne ƙananan kulob na unguwanni da akadami da na masu zaman kansu suke cunkushe, kowa na neman ƙofar haurowa. Ka ga kenan ko an yi muku rajistar gobe, tsakaninku da buga wasa a filin Muhammadu Dikko na Katsina a matsayin 'yan Firimiya akwai aƙalla haurowa biyu, kuma kowace haurowa kuɗi take ci ba na wasa ba: kuɗin rajista, kuɗin mota, masauki, abinci, jesi, magani idan yaro ya ji ciwo. Ita kanta Katsina United da gwamnatin jiha ke riƙe da ita ta faɗo a 2022 tare da Kano Pillars, sai a 2023 suka dawo. Idan masu gwamnati a bayansu suna shan wannan, to mai Alhaji ɗaya tilo a bayanshi sai ya yi lissafi da kyau.

Abin da yake faruwa da yawancin ƙananan kulob ɗinmu shi ne, mai kulob yana shigowa da zafinshi, ya sayi jesi sabbi kala biyu, ya yanka rago ranar buɗewa, a wasan farko da na biyu ya raba bonas a bakin fili kowa na murna, to da an je wasan waje an sha kashi sau biyu ko kasuwa ta ɗan juya mashi baya sai ka fara kiran waya ba a ɗagawa, ka je gida a ce ya yi tafiya, su kuma yara ba su san Alhaji ba kai suka sani, kai za su zo ma wa da maganar kuɗin mota da takalmin da ya yage. Na ga koci da idona a bakin tasha yana ƙirga canjin aljihunshi don ya cika kuɗin motar da za ta mai da yara gida, ya saya masu burodi da fiya wata shi kuma ya ce ya ƙoshi. Mutumin nan ba ragon koci ba ne, ya san aikinshi. Abin da ya rasa kawai wata hanyar samu da ba ta rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Kai kana da ita, albashin koyarwa ko yaya yake yana zuwa, kuma an tashi makaranta da azahar, tirenin kuma sai bayan la'asar. Ban ga inda suka ci karo ba in ban da ranakun tafiya, su kuma ana iya neman izini ko a daidaita da hutu.

Kar ka ɗauka riƙe aiki biyu alamar rashin himma ce. Maurizio Sarri ma'aikacin banki ne a Italiya, yana fita ofis ya tafi horar da ƙananan kulob na ƙauyuka tun 1990, ya ɗau shekaru a haka kafin ya bar bankin, kuma bai taka babbar gasar Seriya A a matsayin koci ba sai 2014 da Empoli, yana da shekara 55. Bayan nan ne ya riƙe Napoli, ya ci kofin Europa da Chelsea a 2019, ya ci lig da Juventus a 2020. Kai da kake 31 ina saurin yake?

Yanzu maganar takarda, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Ka ce ba ka da satifiket, to wannan shi ne aikin da ke gabanka, ba ajiye alli ba. Lasisin koci na hukumar ƙwallon Afirka, CAF, yana farawa daga D, sai C, sai B, sai A, sannan Pro a can ƙoli, kuma ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ake yin kwas ɗin a nan gida. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Surulere a Legas, inda kociyoyinmu da yawa suka yi karatun horarwa. Ka shiga mota ka zo Katsina, ka je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ka gabatar da kanka, ka shiga ƙungiyar kociyoyi ta jiha, ka bar lambarka, don sanarwar kwas ta nan take biyowa kuma gurbi ba ya jiran kowa. Duk iya karanta wasan da Allah ya ba ka, ranar da babban kulob zai nemi mataimakin koci abin da za a fara tambaya shi ne wane lasisi gare ka, kuma CAF ba ta barin mai ƙaramin lasisi ya jagoranci kulob a gasanninta na nahiya. In Alhaji da gaske yake yana son ci gabanka, ka ce mashi ya biya maka kuɗin kwas ɗin farko. Daga amsar da zai ba ka za ka gane abubuwa da yawa.

Sannan duk abin da za ku yi da shi a rubuta. Nawa ne duk wata, ranar nawa ga wata, shekara nawa, wa ke biyan mota da magani, in ya sallame ka a tsakiyar kaka mi zai biyo baya. A sa hannu gaban shaidu, mu Musulmi ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu kunya a ciki. Kuma ka sa a takardar cewa kai ke fitar da sha ɗayan farko. Wannan ka riƙe shi da ƙarfi, don matsalar da ke kashe kocin ƙaramin kulob kenan: ana tsakar wasa a aiko yaro da saƙo daga inda manya ke zaune, a sa wane ɗan ƙanwar Alhaji ne, a cire wane. Ranar da ka bi sau ɗaya yaranka sun gani, kuma daga ranar maganarka ta rage nauyi a wurin tirenin.

Ta ina ake ganin koci har a ɗauke shi? Mafi kusa gare ka shi ne kofin ƙalubale na jiha, wanda waɗanda suka kai wasan ƙarshe ke wakiltar jiha a kofin Federeshon na ƙasa. A nan ne ƙaramin kulob ke iya haɗuwa da babba ido da ido. Dubi Aliyu Zubairu, a 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana NNL ya ci kofin Federeshon da ita, suka doke Abia Warriors 2-0 a Legas, ya kuma hauro da ita Firimiya a kakar, ba a jima ba aka ba shi Flying Eagles, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Manu Garba kuma mataimaki ne a tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ta ci kofin duniya a 2007, sai a 2013 ya ci nashi a matsayin babban koci a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Don haka in an kira ka mataimaki a wani kulob na NNL nan gaba kar ka ce kai ka saba zama oga, ka je ka ɗauki kwando da mazubin ruwa ka koya.

Ga Baba kuma, ka same shi cikin natsuwa bayan isha'i ka ce ka ji maganarshi ba za ka bar koyarwa ba, kana neman albarkarshi ne ka je kwas. Ina kyautata zaton zai sa maka albarka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da ƙaramar akadami a Katsina wajen Ƙofar Ƙaura. Akwai yaron da na raina tun yana ɗan shekara 12, yanzu yana 16, wani ejan ya zo ya zauna da iyayenshi ya ce zai kai shi Turai, ni ko sallama ba a yi mani ba. Ina da wani haƙƙi kuwa?

AMSA: Koci, Allah ya saka maka da alheri kan wahalar da ka yi da yaron nan, na san abin da ciwo. Haƙƙi akwai shi a dokar FIFA, amma yana bin rajista ne ba yawan zufa ba. Akwai kuɗin horarwa da ake biyan kulob ɗin da suka raini ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 21 idan ya sa hannu a kwantiraginshi na farko na ƙwararru, akwai kuma kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa, da ake raba ma kulob ɗin da ya zauna tsakanin shekara 12 da 23. To amma duk wannan sai in akadaminka tana da rajista da hukumar ƙwallo kuma sunan yaron ya shiga kundinsu a ƙarƙashinka. In a littafin aji kawai ka rubuta sunanshi ka ajiye a jaka, gaskiya da wuya ka samu ko sisi.

Abin da ya fi gaggawa ma shi ne yaron kanshi. Dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa kulob na wata ƙasa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, misali iyaye su koma can da zama don dalilin da ba na ƙwallo ba. Ka danne fushinka ka je ka gaida mahaifin yaron, ka ce mashi ya nemi ejan ɗin ya nuna lasisinshi na FIFA da takardar gayyata daga kulob ɗin da sunan yaron a jiki, kuma kar ya sayar da gona ko fili ya ba kowa kuɗin biza, kar kuma ya yarda a taɓa shekarun yaron a fasfo. Sauran yaran da ke hannunka kuma, wannan satin ka karɓi takardar haihuwar kowa da hoto da sa hannun iyaye, ka kai ofishin hukumar ƙwallo ta jiha a yi masu rajista.