Mai Numfashi Ba Ya Hawa Makara

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar. Ka ce kana son koyon aikin motar asibiti, irin masu fara ceton rai tun a hanya, amma innarka ta ce ɗanta ba zai yi aiki a motar gawa ba, shi ne kake tambaya ko al'adarmu ta hana. Na yi murmushi, can kuma sai abin ya tsaya mini a rai.

Kada ka ga laifin ƙanwata. Mu da muka taso, in farar motar nan ta tsaya a ƙofar gida, salati mata ke farawa, don ba mu saba ganin ta kawo mai rai ba. Ba mu kaɗai ba ne kuwa. A Amurka ma, har wajen 1966, masu sana'ar binne gawa ne ke kwasar majinyata a garuruwa da yawa, saboda motarsu ce mutum zai iya miƙewa a ciki. A 1967 aka kafa wata ƙungiyar motocin asibiti mai suna Freedom House a birnin Pittsburgh, inda likita Peter Safar ya koya wa matasa baƙar fata yadda ake riƙe ran mutum kafin a kai asibiti. Ka ga aikin ba shi da wani tsufa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu, lokacin cirar gyaɗa, ƙanin babanmu ya faɗo daga giginya dab da magariba. Cinya ta karye, ƙashi ya huda fata. Mai ɗori ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai asibiti. Ya dai jera kara ya ɗaure ƙafar da rawaninsa. Wani yaro ya ruga masallaci ya ɗauko makara, sai kakarmu ta tsaya a bakin zaure ta ware hannuwa. Ta ce, "Mai numfashi ba ya hawa makara." Babu wanda ya yi mata musu. Baba ya cire ƙyauren zaure, aka shimfiɗa tabarma a kai, aka kwantar da shi.

Mutum takwas suka fito ba tare da an aika kiran kowa ba. Huɗu na ɗauke, huɗu na biye, in kafaɗa ta gaji a karɓa. Ni aka ba fitilar ƙwai da goran ruwa. Wani dattijo ya tafi daidai kansa, yana ta tambayarsa dami nawa yake sa ran samu bana, wai kada ya yi shiru ya tafi. Har yau ina jin ƙarar ƙyauren nan da nishin mutanen a cikin yashi. Da asuba muka kai titi, motar gyaɗa ta tsaya, aka ɗora shi kan buhuna. Ya rayu, da ɗingishinsa, har ya ga jikoki.

A hanyar dawowa Baba ya ce mini, "Kafaɗar da ka ara wa wani, ajiya ka yi."

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga haɗari yanzu. Mutum na kwance jina-jina, samari sun kewaye shi kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Wasu kuma tsoron tambayar 'yan sanda ke sa su wuce. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, ga lambarta 122, amma a cikinku mutum nawa suka haddace ta? Ga 'yan agaji a kowane masallacin Juma'a. Ga Rufaida, wadda a tantinta aka yi jinyar Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, malamanmu sun karantar da mu labarinta tun muna yara.

Sai dai uwa uwa ce, kada ka ɗaga mata murya a kan wannan. Ita tana goye a bayan mahaifiyarmu a daren da nake ba ka labari, ba ta ga komai ba. In kun samu hutu ka biyo ta nan mu je wurinta tare, ka bar ni in fara magana.