Amsa: Tattara labaran tsoffin ɗaliban kwalejin Baptist

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka tattara abin da tsoffin ɗaliban wata ƙaramar kwalejin Baptist (wata ɗarikar Kirista) a Amurka suke tunawa game da zamansu a makaranta. Fara da waɗanda suka fi tsufa.

Kada ka ce "ba ni labarin makaranta", yabo kawai za ka sha. Yi tambaya takamaimai: sau nawa a mako ake tilasta zuwa sujada, ƙarfe nawa ake kulle ɗakin kwanan 'yan mata, wane hukunci ake yi wa wanda aka kama yana rawa. Batun rawar nan ba wasa ba ne, ko Jami'ar Baylor da ke Texas, wadda ita ma ta 'yan Baptist ce, sai a 1996 ta yarda a yi rawa a harabarta.

Ɗauki muryarsu ɗaya bayan ɗaya, kada hira ta wuce minti 90. In ka haɗa su wuri guda, mai baki zai mamaye zancen, sauran su bi shi da "haka ne". Ajiye sauti a WAV, wato tsarin fayil da ba ya rage ingancin murya, tsoffin hotuna kuma ka kwafe su da na'urar sikana a 600 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto. Shekaru kan rikice wa tsofaffi, don haka gwada abin da suka faɗa da tsoffin mujallun makarantar. Kowa ya sa hannu a takardar izini kafin ka kunna rikoda.