Ina aji biyu a Fiziks, ta ina zan kama hanyar nazarin taurari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a sashen Fiziks a Jos, burina in ƙware a fiziks ɗin taurari, amma ba ni da na'urar hangen nesa. Ta ina zan faro?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka kan na'ura. Yawancin masu wannan fanni a gaban kwamfuta suke wuni, kuma ko ka mallake ta, hazon hunturu da gajimaren damina sun isa su hana ka sakat.

Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne lissafi. Wanda ya haye kalkulas da aljabara da hadda kawai, a aji uku asirinsa ke tonuwa, ranar da aka shiga kwantum da ka'idojin Maxwell. Kullum ka warware tambayoyi biyar da biro da takarda, littafi a rufe.

Sai ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka ɗora Astropy, kunshin kayan aikinsa na nazarin taurari, ka gwada wannan. Tauraron ɗan'adam na Gaia, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2013, ya auna taurari kusan biliyan 1.8, kuma bayanan kyauta ne a intanet. Ka sauke na da'irar digiri 2 kewaye da Kaza da 'Ya'yanta. Kowane tauraro yana da faralaks, wato 'yar gocewar da ake gani yayin da duniya ke zagaya rana. Raba 1000 da wannan adadi, nisan zai fito da fasek, wato ma'aunin nisan taurari. Na Kaza wajen 7.4 ne, fasek 135 ke nan, shekarun haske kusan 440. Riƙe masu faralaks tsakanin 7 da 8, ka yi zane mai layi biyu, launinsu a layin kwance, haskensu a layin tsaye.

Wuri biyu ake tuntuɓe. Wasu faralaks ɗin kan fito ƙasa da sifili, ko kuskurensu ya yi yawa. Watsar da duk wanda kuskurensa ya haura kashi 10 cikin 100. Sannan a ma'aunin haske ƙaramin adadi ne mafi haske, don haka in ba ka juya layin tsaye ba, zanenka zai fito kai ƙasa.

Lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, ka nemi gurbi a NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya da ke Abuja, ko cibiyarta ta Nsukka, ka haɗa da wannan zane a takardarka. Kuma a gida ka riƙa cewa fiziks kake karantawa, don in ka ce ilimin taurari wani zai ɗauka duba kake koyo.