Idan nama ya gagara, me za a dafa da dare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Mu bakwai ne a gida, ni da maigida da yara biyar. Da can ko kaɗan ne mukan sa nama a miya, yanzu sai mu yi wata ba mu gan shi ba. Tsorona kada yaran su rame. Me zan riƙa dafawa da dare mai sauƙin kuɗi da zai riƙe su?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara rufa asiri. Ba gidanku kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 cefane ya yi tsanani, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a 2024. Amma ki kwantar da hankalinki, yaro yana girma lafiya ƙalau ko ba nama, muddin an samo masa abin da naman ke bayarwa daga wani wuri. Abin da ke ramar da yara shi ne a cire nama a bar su da tuwo da tsararon miya kullum.

Babban amfanin nama shi ne furotin, sinadarin gina jiki. Giram 100 na ɗanyen naman shanu yana da kamar giram 20, busasshen wake kamar 23, gyaɗa 25, waken suya kuwa kusan 36. Wake yana kumbura a tukunya, don haka sai an zuba shi da yawa, ba a yayyafa shi don ado ba. Kuma furotin ɗin hatsi yana da giɓin da wake ke cikewa, shi ya sa garau-garau ya zama cikakken abinci. In shinkafa ta yi tsada, dafa waken da surfaffen gero ko tsakin masara, ki sa man gyaɗa da yaji da yankakken tumatir. Ki jiƙa waken tun safe, zai nuna da wuri, ki huta da ɓarnar gawayi, ba kuma sai kin zabga kanwa ba, wadda yawanta ke lalata bitamin.

Ɗanwake ma abincin dare ne mai riƙe ciki, in dai ke kika haɗa garinki wake ya fi rogo yawa. Haka alale. Awara kuwa ina so ki ɗauke ta da muhimmanci: ki yi ta a gida, ki yanka ƙanana ki soya, ki zuba cikin jar miya ta ɗan tafasa. Yara suna tsintarta a miya kamar nama, kuɗinta kuwa bai kai ko kusa ba.

Ranar tuwo, gyaran a miya yake. Abin da maigida zai fara nema shi ne ɗanɗanon romo, daddawar kalwa mai kyau kuwa tana ba da shi. Ki daka ta da albasa, citta da tafarnuwa, ki bar ta ta dahu sosai kafin ki kaɗa kuka. Ki surfa wake kaɗan ki daka ki zuba tun a sanwa, miyar za ta yi kauri ta ƙara amfani. Taushe da kabewa, alayyafo da niƙaƙƙiyar gyaɗa ba ta neman nama ko kaɗan. Ranar da aljihu ya yi ƙasa sosai, faten tsaki da yakuwa da gyaɗa zai ciyar da ku bakwai, ko dambu da zogale, ko kwaɗon rama da ƙuliƙuli.

Akwai abu biyu da ba na so ki yi sakaci da su. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake da ganye jiki ba ya zuƙar sa da sauƙi irin na nama. Ɗanyen tumatir, tattasai ko matsin lemon tsami a kan abincin suna taimakawa, shayi kuwa yana hanawa, sai a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Na biyun shi ne bitamin B12, wanda wake da gyaɗa ba su da shi. Ana samun sa a nono, kindirmo, ƙwai da busasshen kifi, don haka ki ware ɗan kuɗin waɗannan sau biyu ko uku a mako, ki fara da ƙananan yara da mai ciki ko mai shayarwa.

Idan kaka ta yi, wajen Nuwamba da Disamba, wake yana sauka. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku sayi buhu ku raba, ya fi awon gwangwani arha. Ki shanya shi ya bushe, ki cika jarka mai tsabta har baki ki toshe kada iska ta shiga, ƙwari za su mutu ba tare da kin sa magani ba. Gyaɗa kuma ki tsince ta kafin niƙa, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ki zubar, domin gubar da ke cikinta tana illata hanta, suya kuma ba ta kawar da ita.