Malam, na kalli wani katun ɗin Japan ina ta kuka, ko na yi laifi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah Malam ina da tambaya, ni ma'aikaciya ce shekarata 31 da aurena da yara biyu, wata ƙawata ce ta turo min wani katun na Japan wai shi Only Yesterday, ba irin na yara bane na faɗa da tsalle-tsalle, labarin wata mata ce da ta tafi ƙauye tana ta tuna yarintarta. Wallahi Malam sau uku na kalla kuma duk kallo sai nayi kuka, tun daga nan bani da aiki sai tunanin gidanmu da Babanmu Allah ya jiƙansa da abubuwan da naso in zama ban zama ba. Maigidana yace zane ne haramun ne mala'iku basa shiga gida mai hoto, kuma wai wannan tunanin baya da nake rashin godiyar Allah ne. Malam ya abin yake?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Allah ya jiƙan mahaifinki ya sa ya huta, 'yar'uwa.

Toh da farko dai sai da nasa wani ɗalibi ya nemo min fim ɗin na zauna na kalla, dan ƙa'ida ce a wajen malaman usulu cewa hukunci akan abu reshe ne na saninsa, bai kamata mutum yaji kalmar katun kawai ya buga tambarin haramun ko halal ba. Sunansa na asali Omohide Poro Poro, kamfanin Studio Ghibli ne ya fitar dashi a 1991, wanda ya shirya shi Isao Takahata ya rasu a 2018, kuma sai 2016 ma aka fara haska shi a sinimomin Amurka. Labarin wata ma'aikaciyar ofis ce a Tokyo mai suna Taeko, shekara 27 bata yi aure ba, a 1982 ta ɗau hutu ta hau jirgin ƙasa na dare ta tafi karkarar Yamagata wajen dangin mijin yayarta, ta tayasu tsinkar wani fure da suke kira benibana da ake rini da jan-baki dashi, tun a hanya sai yarintarta ta 1966 tana aji biyar ta dinga dawo mata. Shikenan labarin fa, ba aljani ba tsafi ba harbe-harbe.

Maganar maigidanki akan hoto ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, kar ki raina ta. Hadisin Abu Ɗalha na cewa mala'iku basa shiga gidan da akwai kare ko hoto yana cikin Bukhari da Muslim, haka na Ibn Mas'ud cewa masu yin hoto ne suka fi kowa tsananin azaba ranar alƙiyama, kuma Imamun Nawawi a sharhin Muslim ya tafi akan cewa surar mai rai haramun ce ko tana da inuwa ko bata da. Amma fa a cikin wannan hadisin na Abu Ɗalha akwai ƙarashe da mutane basu cika kawowa ba. Zaid bin Khalid wanda ya ruwaito shi yayi rashin lafiya, aka je dubiya sai ga labule mai hoto a ƙofarsa, Busr bin Sa'id yayi mamaki, sai aka tuna masa ai a ruwayar akwai togaciya, "illa raƙman fi saubin", wato sai dai zane a jikin tufa. Irin wannan ne yasa malamanmu na Malikiyya suka rarrabe, in kika duba sharhin Dardir akan Mukhtasar Khalil a wajen maganar walima zaki ga haramcin sun ɗora shi ne akan sura ta mai rai, cikakkiyar gaɓɓai, mai inuwa, irin gunki ko mutum-mutumi, shi kuma zanen da yake shimfiɗe a takarda ko bango bai kai haramun ba, makaruhi ne in ana girmama shi, in kuma wulaƙantacce ne barinsa ya fi. Sannan duk wannan magana ce akan mai zanawa da mai ratayewa, ke kuwa kallo kika yi a allon waya, haske ne da yake wucewa kina kashewa ya ɓace, ba abinda ya zauna a ɗakinki. Dan haka ta wannan fuskar ni banga haramci a kanki ba, wanda kuma ya bi maganar Nawawi ya guje masa baki ɗaya shima yana da magabata, ba'a ce masa mai tsanani.

Abinda ake dubawa shine me ke ciki. Kuma zan faɗa miki gaskiya akwai wuraren da basu kwanta min ba. Akwai kiɗa kusan ko'ina har da na ƙasashen gabashin Turai da wani saurayi manomi mai suna Toshio yake kunnawa a mota, jumhurun malamai na mazhabobi huɗu akan hana kayan kiɗa suke saboda hadisin ma'azif (wato kayan kiɗa) na Bukhari, Ibn Hazm ne ya shahara da saɓa musu, ni dai da na jumhur nake ba da fatawa, tunda kuma fassarar ƙasan allo kike karantawa ba Japananci kike ji ba ai rage sauti ba zai cuce ki ba. Akwai wajen wankan ruwan zafi a garin Atami da aka nuna Taeko tana yarinya, ki wuce shi. Akwai keɓancewarta da Toshio, manomin nan da ba muharraminta ba, su biyu a mota har cikin dare, a wajensu ba komai bane a wajenmu khalwa ce. Sai wanda yafi tsaya min, da asuba suna cikin gona rana ta ɓullo ta bayan dutse suka haɗa tafin hannu suna fuskantarta, an zana wajen da kyau sosai har mutum zai iya jin abin ya burge shi, toh nan ne ake so zuciya ta farka, Allah yace a Suratu Fussilat aya ta 37 kada ku yi sujada ga rana ko wata, ku yi ga Allah da ya halicce su. Babba mai aƙida zai gani ya ƙi a ransa ya wuce, yaro ɗan shekara 7 kuwa kwaikwayo zai yi. Shi yasa nace miki wannan ba na yaranki bane, dama masu shi ma ba dan yara suka yi ba.

Yanzu ga inda nake ganin tambayarki take da gaske, kukan da tunanin.

Tuna baya ba rashin godiya bane, a nan maigida bai dace ba, Allah ya bashi haƙuri. Jabir bin Samura yace sahabbai sukan zauna bayan asuba suna hirar abubuwan da suka yi a jahiliyya suna dariya, Annabi (SAW) yana murmushi, Muslim ne ya ruwaito. Bilal da zazzaɓin Madina ya kama shi baitoci ya dinga rerawa yana begen kwarin Makka da ciyawar izkhir da ruwan Majanna, ba'a ce masa kayi shiru ba, addu'a Annabi yayi Allah ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Bayan Badar da Zainab ta aiko da sarƙar mahaifiyarta Nana Khadija fansar mijinta Abul Asi, yana ganin sarƙar tausayi mai tsanani ya kama shi. Har ma Mahmud bin Rabi'i, abinda ya riƙe shine Annabi ya taɓa feso masa ruwa daga guga a fuska yana ɗan shekara 5, ƙaramin abu na yarinta, amma gashi a Bukhari ana karantawa har yau. Kinga kenan hawaye dan tuna uba da gida rahama ce.

Ni kaina wajen abarbar nan na cikin fim ɗin ya taɓa ni. Uban Taeko ya siyo abarba ɗanya karon farko, duk gidan ba wanda ya san yadda ake yanka ta, aka ajiye ana kallo har sai da yayar ta gano, aka zauna ana zumuɗi kowa ya kai baki, ashe tauri ce ba daɗi, ɗaya bayan ɗaya suka ajiye, ita ƙaramar ta dage tana taunawa dan kar ta yarda abin da ta ƙwallafa rai ya zama banza. Duk wanda ya tashi a gidan da ake jiran tsarabar Baba ya san wannan fuskar.

Amma ki lura da wani abu da mai zanen yayi. Duk inda ake nuna rayuwar yanzu, gona da laka da ƙayar furen da gumi, an zana shi cikakke har ƙarshen allo, inda kuma ake tuna yarinta launin ya koɗe, gefe-gefen hoton fari ne kamar ba'a gama ba. Haka tunani yake wallahi, rabi yake kawo miki ya ɓoye rabi, sai ki ɗauko wannan rabin mai kyalli ki auna shi da yau ɗinki mai kuɗin makaranta da cunkoson hanya da wanke-wanke, dole yau ta faɗi. Ta nan shaiɗan yake shigowa, kuma kalmarki ta "abubuwan da naso in zama ban zama ba" ita ta sa nake jan kunne. Annabi (SAW) yace a hadisin Abu Huraira cikin Muslim, in abu ya same ka kada kace da nayi kaza da kaza ya faru, kace Allah ne ya ƙaddara kuma abinda yaso shi ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin shaiɗan. Toh ki auna kanki da wannan, in kin gama kallo kika tashi kina yiwa Baba addu'a, kika kira Mama, kika nemi abokansa da 'yan'uwansa kika gaishe su, wannan tunani ne mai lada. In kuwa kin tashi ne kina jin haushin aurenki, kina cewa da ma ban yi kaza ba, girki yana ƙonewa sallah tana wucewa yara suna magana baki ji, toh abin ya tashi daga halal ya koma cuta, a lokacin barinsa wajibi ne a kanki ko da ga wata halal ne.

Wani waje kuma da zai amfane ki a matsayin uwa, inda uban Taeko ya mare ta dan ta fito waje ba takalmi, sau ɗaya tak ya taɓa dukanta amma tana shekara 27 bata manta ba, da inda ta kasa gane rabon firakshan a darasin lissafi ta zana tuffa tana yankawa tana neman dalili, ta jiyo uwar tana cewa yarinyar nan ba daidai take ba. Annabi ya hana dukan fuska. Yaranki biyu ɗin nan yanzu suke tara nasu abin tunawar a hannunki.

Hukuncin dai a taƙaice, kallonsa ga babba ya halatta tare da rage kiɗan da tsallake wuraren da na ambata, bai kai a kira shi ibada ba kuma bai kai zunubi ba. Sau uku ya isa haka, ki goge shi a wayar na ɗan lokaci. Game da maigida kar ki maida wannan amsar makamin gardama, ki nuna masa cikin ladabi ya karanta da kansa, in ya gamsu falillahil hamdu, in yace shi dai baya so a kalla a gidansa toh ki bari, barin mubahi dan zaman lafiya da miji ba asara bace. Shi kuma Malam maigida, mace tana kukan mahaifinta ba wa'azin rashin godiya take buƙata ba a lokacin, in da hali ka kaita gida ta kwana biyu taga Mama. In kuma kukan ya wuce makonni ya hana ki barci da cin abinci, ki ga likita, ba kunya a ciki.

Wallahu a'alam.